Tambaya: ina ake ganin tsuntsayen da ba a cika gani ba a farkon saifi (lokacin zafi), kuma da gaske akwai shamuwa a ƙasar nan ta Saudiyya?

Ɗan_Misfala:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya zafi ya hidimar alhazai. Ina da tambaya amma don Allah a bari in kai aya kafin a fara yi min dariya. Wata biyu da suka wuce na shiga kasuwar gwanjo ta haraji neman wani abu daban sai na ci karo da darbil, tabaron hangen nesan nan, mai shi ya ce riyal 80 na ce 50 muka rabu a 60, na kawo gida ban ma san me zan yi da shi ba. To daga hawa saman gida da la'asar ina leƙen tantabaru da 'yan tsattsewar nan masu shawagi gab da magariba sai abin ya shiga raina, yanzu har na sauke manhajar Merlin a jawwal, wato wayata, ina naɗar kukan tsuntsu yana faɗa min sunansa, uwargida ta ce na samu sabuwar sana'a marar albashi.

Amma ainihin abin da ya sa na rubuto Baba ne. Tsohonmu ya baro ƙasar Haɗeja yana saurayi, yau ya haura shekara 40 a Makka, sau biyu kacal ya leƙa gida kuma duka biyun da rani ya je. Rannan muna shan shayi ya ga ina ta fama da darbil sai ya ce shi fa ba tuwo yake kewa ba don tuwo kam ana tuƙawa a Shari' Mansur, abin da rabonsa da gani tun yana saurayi shamuwa ce. Ya ce a garinsu ranar da ta sauka kan tsamiyar ƙofar gidan mai gari kowa ya san lokacin sharar gona ya yi, ba mai jiran sanarwar rediyo. Ya faɗa yana dariya amma ni na ga idonsa.

Wani abokin aikina ya ce min wai akwai shamuwa can kudu wajen Jizan, ban sani ba ko zolayata yake. Sannan na ga bidiyo Turawa sun taso tun daga Ingila don ganin wani tsuntsu ɗaya tak a duwatsun Asir. In an gama mausim ɗin Hajji ina da ijaza, wato hutu, ta kwana bakwai kuma akwai mota, to ina zan nufa, wane tsuntsu ake samu a irin wannan lokaci na Mayu da Yuni, kuma tsoho mai shekara 70 da 'yan kai zai iya tafiyar? Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka.

Bakanon_Jidda:

Hhhh wlh Ɗan Misfala ka ce kar a yi dariya amma ka san ba zai yiwu ba. Tsuntsun da Turawan nan ke bi fa na ga hotonsa, hankaka ne mai doguwar jela ba wani abu ba. Ka ƙona fetur tun daga Makka har Abha don hankaka? Taho Jidda in nuna maka su kyauta, sun cika mana unguwa, baƙaƙen nan na ƙasar Indiya da aka ce jiragen ruwa suka kawo su, ba ka isa ka shanya nama a saman gida ba.

To amma ban da wasa, in ka shigo Jidda ka je Bangala kasuwar kifi da sassafe, akwai wani tsuntsun teku mai baƙin kai da jan baki dogo, ga wani fari sama da ƙasan idonsa kamar an ranbaɗa masa farin kwalli. Shekara da shekaru ina ganinsa ina zaton na ko'ina ne, sai da wani Bature mai kyamara kamar bututun ruwa ya ce min wai a duniya kusan a Bahar Maliya da bakin tekun Adan kaɗai ake samunsa. Tun ranar na fara gaishe shi. Ka gaida Baba, ka ce Bakano ya ce in an ga shamuwa a turo hoto ni ma rabona da ita tun ina makarantar allo.

Abu_Khadija_Abha:

Wa alaikumus salam Ɗan Misfala, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, shekara tara kenan ina wannan yawon tun da aiki ya kawo ni Abha. Bakano kuma bari in zo kanka a ƙasa.

Da farko ka gane yadda lokacin yake. Tsuntsayen da aka taɓa gani a Saudiyya sun kai iri kusan 500 amma da yawansu matafiya ne, wucewa suke tsakanin Afirka da ƙasashen arewa a Maris da Afrilu, su sake biyowa daga Satumba. Masu zuwa cin sanyi irin su manyan gaggafa su ma zuwa yanzu sun koma. Shi ya sa in ka tambayi wanda ke Riyad ko Dammam zai ce maka saifi ba lokacin kallon tsuntsu ba ne ka jira kaka, kuma a wajensu gaskiya ya faɗa. Mu nan kudu maso yamma kuwa yanzu ne kasuwar ke ci, 'yan gida suna sheƙa suna ta kuka don haka ba sa ɓuya, sannan akwai baƙi da ke tsallako teku daga Afirka su zo su yi ƙwai a nan. A taƙaice dai ka hau dutse, ka nufi kudu.

Ba sai ka yi nisa ba ma za ka fara. Ka bi hanyar Hada ka hau Ɗa'if ka wuce Shafa, wajen Wadi Zi Gazal, ka kwana can ka fita bayan asuba. A nan ana samun makwarwar da ake kira hajal Filbi, mai baƙin maƙogwaro da jan baki, da kuma ɗan maƙwaƙƙwafin Larabawa mai bin itacen ƙaya, namijin yana da ja a ƙeya. Filbin nan shi ne Baturen Ingila da ya zauna da Sarki Abdul'aziz ya musulunta ake ce masa Abdullahi Filbi, makwarwar aka sa wa sunansa, shi kuma maƙwaƙƙwafin sunan matarsa Dora ne a jikin sunansa na kimiyya, ka ga mutum ya raba wa iyalinsa tsuntsaye kamar gado. Birai sun yi yawa a hanyar Hada, ka rufe gilashi, kar yara su miƙa musu komai.

Daga Ɗa'if hanyar saman dutse ce ɗoɗar, Baha, Namas, Tanuma, Ballasmar har Abha, ta haura kilomita 500 kuma kwana-kwana ce ga kyamarorin Sahir masu kama gudu a ko'ina, da tsoho a mota kar ka ce za ka cinye ta a yini ɗaya, ka yada zango a Baha ka leƙa dajin Ragadan.

Yanzu hankakan Bakano. Sunansa aƙ'aƙ Asiri, kuma eh dangin hankaka ne ban musa ba, bai kai namu na gida jiki ba, kai da ƙirji baƙi, ciki fari, fari a kafaɗa, jela doguwa. Abin da ya sa ake tasowa daga wata duniya shi ne duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ne tsuntsun da babu shi ko'ina sai Saudiyya, sauran na kudu duk muna tarayya da Yaman ko Oman. Kuma a Saudiyyar ma ba ko'ina ba, 'yar tsirin dutse ce daga wajen Namas zuwa Tanuma da Ballasmar, sama da mita 2,000, inda itacen ar'ar yake. Lissafin da aka fi ambata shi ne ma'aurata wajen 135, wasu na ganin yanzu bai kai haka ba. Ka auna, duk duniya ba su kai mutanen da ke cika sahu biyu a babban masallaci ba. Da can ana ɗaukarsa reshe ne na wanda ke Turai, daga baya masana suka ware shi suka ce iri ne mai zaman kansa. Abin da ke cinye shi, ar'ar ɗin na bushewa, ga gine-gine da istiraha da tituna suna cin kwarurrukan da yake sheƙa, ga kuma ragowar abincin 'yan kashta, masu fita shaƙatawa, da ya saba da ci wanda ba shi ne cimarsa ba.

Ni sai a zuwa na uku na gan shi. Na farko na isa Tanuma da azahar ashe na yi sake, dabab, wato hazo, ya taso daga Tihama ta ƙasan dutse ya rufe ko'ina ko bonet ɗin mota da ƙyar nake gani. Na biyu na sha hawa da gangara cikin duwatsu har ƙafata ta yi bororo, kukansa kawai na ji daga nesa. Na uku na gaji na zauna a wajen shaƙatawa na Mahfar ina zuba shayi daga fulas, sai ga guda huɗu sun sauko kusa da kwandon shara suna tsattsagar shinkafar kabsar da wasu suka zubar jiya. Wlh daɗi da takaici suka haɗe min lokaci ɗaya, abin da na sha wahala a kansa ga shi a bola. Don haka Mahfar da wajen magangarar ruwan Dahna nan za ka fara dubawa, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, kuma a Mayu da Yuni 'ya'yan sun fara fita daga sheƙa sai ka gan su gungu suna bin iyaye da surutu, kunnenka zai riga idonka.

Su kuma baƙin Afirka da na ce, a nan Baba zai ji daɗi don da yawa ya san su. Akwai kurciyar nan koriya mai rawayan ciki da ke maƙalewa a ɓaure, in ba ta motsa ba ba za ka ce akwai ta ba. Akwai wani da namijinsa ke da baya shunayya mai walƙiya kamar shadda sabuwar bugu, ciki fari tas. Akwai mai kama ƙuda mai jela zarara kamar ya ja zare. Akwai ma wani ɗan toka-toka da ba shi da wani kyan gani, sunansa na littafi daga garin Gambaga ne na arewacin Gana, na yi dariya ranar da na gane haka, ashe ba mu kaɗai muka yi takari ba. Sannan ka san karin maganar nan hankaka mai da ɗan wani naka, ai tsofaffinmu ba da ka suka faɗa ba, akwai tsuntsun da ke zuba ƙwansa a sheƙar hankaka ya bar mata reno. To a nan akwai ƙaramin danginsa kore mai sheƙi, didirik ake ce masa saboda haka kukansa ke fita, shi a sheƙar masaƙan nan rawaya masu rataye gida a reshe yake zubawa. Duk inda ka ga sheƙunansu reto-reto ka ɗan tsaya ka kasa kunne.

Ku taho da rigar sanyi, da gaske nake, asubar Namas ko a Yuni sai ka nemi bargo. In Baba na da hawan jini ko numfashi ku bi a hankali kwanan farko saboda tsayin wajen. Maganar shamuwa kuwa akwai wadda ta fi ni sani a nan, Hajiyarmu ta Sabya, bari ta shigo.

Ummu_Sumayya_Sabya:

Salamu alaikum. Abu Khadija ka tona ni, ni da nake karatu a ɓoye. Ɗana Ɗan Misfala abokinka bai zolaye ka ba, akwai shamuwa a Jizan, da idona nake ganinta ba labari ba.

Ni haifaffiyar Mayurno ce a Sudan kusa da Sinnar a bakin kogin Bahar Azraƙ, kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, aure ne ya kawo ni nan. A can Larabawa simbiriya suke ce mata mu kuma a gida shamuwa muke cewa yadda muka ji a bakin kakanni, kuma duk abin da Baba ya faɗa haka yake a wajenmu, tana sauka gab da kharif, wato damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari, ba yaron da ya isa ya jefe ta sai ya sha duka wajen duk babban da ya gani ko ba ubansa ba ne, yara har waƙa suke mata suna tambayarta yaushe dawar babansu za ta fito. Ɗana da ya yi karatu ya ce min ma sunan da Turawa ke kiranta da shi na wani gwamnan Turkawa ne da ya yi mulki a arewacin Sudan, Abidin Bey, kuma in damina ta ƙare can kudancin Afirka take tafiya wajen su Zambiya da Zimbabuwe ta ci tasu daminar, wato ita ba ta san rani ba, ruwa take bi da fara.

Shekarata ta farko a nan ina cikin kewar gida muna dawowa daga Abu Arish sai na hango su uku a gona suna tafiyar nan tasu ta ƙasaita, baƙin baya farin ciki, na ce wa maigida tsaya tsaya, ya taka birki a firgice ya zaci wani abu ne, na fito na tsaya bakin titi ina hawaye kamar na ga 'yan uwana. Don haka na san abin da Baba yake ji.

Amma in gaya maka gaskiya kar ka ɗaga wa tsoho rai da yawa. Ba su da yawa kamar na gida, ba za ka ga bishiya ta yi baƙi da su ba, 'yan tsiraru ne kuma yau a gan su gobe a rasa. Inda na fi ganinsu gonakin da ke tsakanin Sabya da Abu Arish musamman inda aka ba ruwa ko aka yanke ciyawa, sai wajen juji da bayan mayanka, ba wajen daɗin tsayawa ba ne amma can abinci yake. Na taɓa ganin sheƙa kan dogon ƙarfen sadarwa, na ce oh duniya, shamuwa ta bar tsamiya ta koma ƙarfe. A wannan lokaci fuskarta na yin shuɗi da ɗan ja a gaban ido, da darbil ɗinka za ku gani sarai.

Sai zafi. Ɗana zafin Makka daban na Jizan daban, namu da ruɗuba yake zuwa, wato danshin iska, kana fita daga sanyin mukayyif gilashin darbil zai yi gumi kai ma ka jiƙe sharkaf. Ku fita ana sallame asuba, ƙarfe takwas ku koma ɗaki, sai kuma bayan la'asar. Baba ya zauna cikin mota a buɗe masa gilashi kawai, tsuntsu ma ya fi sakewa da mota a kan mutum a tsaye. Ku riƙe ruwa da yawa da maganin sauro.

Ku je madatsar ruwan Wadi Jizan da ake ce wa Sadd Malaki, gabas da Abu Arish. A can ne abin dariyar yake, za ka ga mutum ya zo daga Jamus ko Holan ya tashi ƙarfe huɗu na dare ya laɓe cikin ƙaya da kyamarar da ta fi motarmu tsada, me yake jira? Zabo. Wallahi zabon nan dai da muke yi wa miya, a nan na daji ne kuma ya yi ƙaranci sosai har an hana taɓa shi, su dajaj habashi suke ce masa. Ga cilakowa, ga tsanwaka shuɗiya kan waya, ga ragon maza na ta gunjinsa cikin duhuwa, balbela kam ba a magana, in duhu ya fara kuma yautai ya sauko kan hanya idonsa na ƙyalli a fitilar mota. Baba zai riƙa kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya kafin jawwal ɗinka ya gama tunani.

In kuna da sauran kwana ga Farasan, jirgin ruwan kyauta ne daga Jizan amma in da mota za ku shiga sai kun yi hajzi, wato kun kama wuri, tun da wuri. Akwai hankur a can, fari da baƙi mai katon baki, ƙaguwa yake ci kuma rami yake haƙawa cikin yashi ya yi ƙwai ɗaya kamar ba tsuntsu ba, ga kwasakwasa. Abu ɗaya, in kun yi gabas wajen duwatsun kan iyaka da Yaman akwai nuƙɗa, wato shingen bincike, da yawa, iƙama na aljihu, kuma kar ka ɗaga darbil ko kyamara kusa da wajen sojoji ko saitin gidan mutane, za ka sha tambayar da ba ka shirya mata ba. In kun iso ku yi magana ta akwatin sirri, maigida zai tarbe ku, Baba ba zai zo garinmu ya ci abincin maɗ'am ba.

Malam_Na_Jarwal:

Madalla da wannan zance. Ɗan ƙarin bayani ne kawai tunda mai tambaya a cikin Harami yake zaune. Kallo ba laifi, Allah ma cewa ya yi a Suratul Mulk aya ta 19 shin ba su dubi tsuntsaye a samansu ba suna buɗe fukafukai suna naɗewa. Amma hadisin ranar buɗe Makka da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ko da razana abin farautar Harami, ba kisa kaɗai ba. To hawa saman gida da darbil babu komai, amma kora tantabaru don su tashi a samu hoto mai kyau, ko taɓa sheƙa, a kiyaye, a kuma kwaɓi yara.

Sai 'yan tsattsewar da ka ambata, na san alhazanmu da yawa na nuna su suna cewa ga ababil. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce ababil a Suratul Fil ba sunan wani irin tsuntsu ba ne, ma'anarsa jama'a-jama'a, tawaga na bin tawaga. Ka gaida mahaifinka, kai shi ɗin nan da za ka yi yana cikin birrul walidaini in ka kyautata niyya. Wallahu a'alam.

Abu_Khadija_Abha:

Hajiya Allah ya ƙara girma, na san ke ce za ki warware. Wuri ɗaya kawai zan ɗan saɓa miki, Farasan. Da kwana bakwai da dattijo a mota ni ina ganin a bar shi sai wani zuwan, jiran jirgi da rana zai gajiyar da shi, kuma shahon nan mai ruwan toka da ake zuwa gani a tsibiran, saƙarul gurub, shi sai ƙarshen saifi yake ƙyanƙyasa don ya ciyar da 'ya'yansa da ƙananan tsuntsaye masu wucewa da kaka, Satumba ta fi dacewa da shi. Daga Abha ku gangara ta aƙabar Dila' zuwa Darb ku miƙe Sabya, wajen kilomita 200 ne zuwa Jizan, a duba birki kafin a sauka. Raida da ke gefen Suda ma akwai tsuntsaye sosai amma mahmiyya ce, wato daji mai kariya, sai da izini, kuma gangararta ba ta ƙaramar mota ba ce, ban ba ka shawara ba a wannan karon.

Roƙona biyu. Za ka ga wasu na kunna kukan tsuntsu a jawwal don ya fito, a lokacin sheƙa wannan zalunci ne, uban zai bar 'ya'ya ya zo neman abokin faɗan da babu shi. Sannan in Allah ya nuna maka sheƙar aƙ'aƙ kar ka sa ainihin wajen a Facebook ko TikTok, ko a manhajar eBird ta masu kallon tsuntsu ma ka sa sunan yankin kawai. Farauta kuma yanzu ba lokacinta ba ne sam, tara ce mai nauyi in 'yan amnul bi'i, jami'an tsaron muhalli, suka kama mutum.

Hajiya kin san kuwa akwai wasu 'yan ƙasarku a nan? Jiminar Larabawa ta asali ta ƙare tun ƙarnin da ya wuce, da aka tashi maido da jimina a Mahazat as-Said gabas da Ɗa'if, mai jan wuya irin ta Sudan aka kawo. Bakano kai kuma in ka ga aƙ'aƙ ido da ido ka sake ce masa hankakan bola ni zan biya maka fetur.

Ɗan_Misfala:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu rabin wannan ba. Daren jiya na karanta wa Baba duka tun daga sama, da na zo wajen Hajiya ta fito daga mota tana hawaye sai ya yi shiru can ya ce sake karanta min nan. Da na zo kan zabo kuwa dariya har da tari, ya ce a gaya wa Turawan su je Haɗeja ranar kasuwa a sayar musu da guda goma su huta da laɓe.

Shi dai ya ce hankakan Abu Khadija ni ya dama, in na ga dama in hau dutse in nema shi zai jira a mota da fulas, amma Jizan ko a tsakiyar wuta take sai ya je. Don haka ga yadda na tsara, kwana ɗaya Shafa, ɗaya Baha, biyu Tanuma, biyu wajen su Hajiya, mu dawo ta hanyar bakin teku ta Ƙunfuza da Lis tunda ta fi miƙewa. Farasan sai Satumba in da rai. Malam na ji gyara, yaran ma na gaya musu. Bakano akwai kujera ɗaya a baya in ka yarda kai ne mai riƙe kular ruwa.

Hajiya Baba ya ce in tambaye ki, ta nan ɗin ita ma tana kaɗa baki ƙwas-ƙwas in ta sauka a sheƙa kamar ta gida? Sannan ko akwai wanda ya san shaƙƙa ta haya a Abu Arish ko Sabya wadda take ƙasa ba bene ba, gwiwarsa ba ta son matakala.